Yadda Ma'aikaciyar Jinya Za Ta Gano Zaizayewar Ƙashi Kafin Karaya ta Biyu

A asibitocin Gombe, dattijuwar da ƙashinta ke zaizayewa ba ta zuwa da sunan cutar a bakinta. Ko dai ta ce bayanta ya dame ta, ko a kawo ta bayan ta zame a makewayi, wuyan hannu ya karye, an kuma riga an kwashe makonni wajen mai ɗori. Cuta ce da ke cin ƙashi a ɓoye shekara da shekaru, don haka nauyin gano ta yana wuyan wadda ta fara zama da majinyaciya.

Matakin farko tambaya ce, kuma nan ne ya kamata ki fi daɗewa. Ki ce: "Inna, yaya aka yi kuka faɗi?" Idan daga tsaye ta faɗi, ko tuntuɓe ta yi da dokin ƙofa, amma ƙashin ƙugu, wuyan hannu ko gadon baya ya karye, to ki zargi ƙashin, domin lafiyayyen ƙashi ba ya karyewa da wannan. Ki tambayi lokacin da al'adarta ta ɗauke, tunda daga nan ne ƙashin mace ke saurin raguwa, musamman idan ta ɗauke kafin shekara 45. Ki tambaya ko mahaifiyarta ko mahaifinta sun taɓa karaya a ƙugu. Sannan ki bi diddigin magunguna cikin hikima, ba da faɗa ba: firednisolon da deksametason, waɗanda wasu ke saya a kemis don ciwon gaɓɓai ko don ƙiba, suna raunana ƙashi idan an sha su wata uku ko fiye. Yawancin mata ba za su ambace su ba sai an ce su kawo ledar maganinsu.

Daga nan sai awo. Ki tsayar da ita jikin bango ba takalmi, ki auna tsawonta, ki duba ko bayanta ya ranƙwafa. Raguwar tsawo da santimita 4 daga yadda take a da alama ce ta murƙushewar ƙashin baya. Ki sa ta tashi daga kujera, ta taka mita 3, ta dawo ta zauna. Idan ta kai daƙiƙa 12, tana cikin haɗarin faɗuwa.

Tabbatar da cutar aikin likita ne. Ana amfani da na'urar DXA mai auna ƙarfin ƙashi, kuma bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 1994, makin T (sakamakon awon na'urar) na -2.5 ko ƙasa da haka shi ne zaizayewar ƙashi. Naki shi ne ki rubuta abin da kika gani a sarari: ciwo, wahalar motsi, haɗarin faɗuwa, ƙarancin abinci mai gina ƙashi, da rashin sanin cutar. Ki tura ta ga likita, ko zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, ba tare da jiran na'ura ba.

Wajen wayar da kai, ki kira 'yar da ke kula da ita ta zauna. Dattijuwa na buƙatar kalsiyam kimanin miligiram 1,200 a rana, kuma akwai shi a nono, kindirmo, riɗi, zogale, miyar kuka da ƙananan busassun kifi da ake ci da ƙashinsu. Ta riƙa fitowa tsakar gida tana shan hantsi saboda bitamin D, tana kuma tattaki kullum. Kwanciya tana ƙara cinye ƙashi. A gyara santsin wurin alwala, a kawar da tabarmar da ta naɗe, a ajiye tocila kusa da shimfiɗarta saboda tashin asuba.

Idan likita ya rubuta alendironet, maganin zaizayewar ƙashi, miligiram 70, sau ɗaya ake sha a mako, da safe kafin a ci komai, da cikakken kofin ruwa zalla, kuma ba za ta kwanta ko ta karya kumallo ba sai bayan minti 30, don kada ya ƙona mata maƙogwaro. Da azumi ta sha shi minti 30 kafin sahur. Kafin su tafi, ki sa 'yar ta maimaita miki wannan da bakinta, ki kuma rubuta ranar shan a bayan katin asibiti.