Yadda nake rubuta wa yara labarin baƙin da suka zauna a filayen Amurka

'Yan ajina a nan Jos ba su wuce shekara goma ba, kuma labari ya yi minti uku babu yaro a ciki, sai ka ga an koma tauna fensir. Saboda haka ka fara da yaro guda, ka danƙa masa aiki. Tawa yarinya ce 'yar Norway da iyayenta suka sauka a Nebraska. Kullum da safe tana fita da kwando tsintar busasshen kashin shanu na girki, don ciyawa ce iya ganinka, babu itace. Aji ya fashe da dariya, sai wani ya ce ai kakarsa ma a ƙauye haka take yi.

Ka san abin da ya kawo su, amma kada ka karanta wa yara doka. A 1862 Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar da ke ba mutum fili eka 160 in ya zauna ya noma shekara biyar. Ni uban kawai na sa yana tsaga layi ɗaya a jikin ƙofa duk shekara, yarinyar tana ƙirgawa.

A kan gida za ka daɗe. Ƙasa mai saiwar ciyawa suke yankawa kamar tubali, su jera ta zama bango. Rufin ma ƙasa ne, ana cikin girki sai ta zubo a tukunya, ruwa ya ɗauke a waje amma ciki bai daina ɗiga ba. Sai farar 1874 da ta cinye gonaki ƙarƙaf. Shirya amsa, wallahi sai an tambaye ka me ya hana su soyawa da yaji.

Dusar ƙanƙara kuwa, daga sanyin Disamba na Jos nake ɗauko ta, ranar da yatsu ke ƙin riƙe biro, kafin in kai su 12 ga Janairun 1888, lokacin da guguwa ta ritsa da yara a hanyar komawa daga makaranta, mutum fiye da 200 suka rasu.

A rubutuna na farko na ce ƙasar babu kowa. Kuskure ne, 'yan ƙabilar Pawnee, 'yan asalin wurin, suna can kafin a kwashe su zuwa Oklahoma. Yanzu yarinyar tana tsintar tsinin kibiya a gonar, ta kai wa babanta ta ce, "Baba, wannan na wane ne?"