Kafin Ka Shiga Ruwan Turai: Abin da Sanyinsa Ke Yi wa Hannu da Jiki

Kowace shekara, wajen watan Satumba, ɗalibai da malamai daga Samaru da Kongo da Shika a yankin Zariya sukan haɗa kaya zuwa Birtaniya da sauran ƙasashen Turai domin ƙaro ilimi, kuma nasihar da ake yi musu kan sanyi ba ta cika wuce batun riguna masu kauri da kuɗin ɗumama ɗaki ba. Batun ruwa ba a faye taɓo shi ba, alhali kuwa ba za a daɗe ba abokan karatu za su gayyaci sabon zuwa bakin teku ko tafki, domin iyo a ruwan sarari tsohuwar al'ada ce a can. A Landan, masu iyo a tafkin Serpentine suna gasa da safiyar Kirsimeti, al'adar da ta faro tun 1864, kuma tafkunan Hampstead Heath, inda akwai na maza daban da na mata daban, ana shigarsu har a tsakiyar sanyi. Wanda ya koyi iyo a kogin Kubanni ko na Galma yana da gwaninta, babu shakka, amma jikinsa bai taɓa gamuwa da irin wannan ruwa ba.

Ƙungiyar ceto a teku ta RNLI tana ɗaukar duk ruwan da ya gaza digiri 15 a matsayin mai haɗari, kuma matsakaicin ɗumin tekun da ya kewaye Birtaniya da Ailan wajen digiri 12 ne, yayin da wuraren iyo na cikin gini sukan kai 27 zuwa 29. Ruwa yana zuƙe zafin jiki fiye da iska kusan sau 25. Saboda haka rani ya fi yaudarar baƙo: a watan Yulin 2022 zafin iska ya haura digiri 40 a Ingila, amma madatsun ruwa da tsofaffin ramukan haƙar dutse, waɗanda matasa ke rugawa cikinsu idan rana ta buɗe, ƙasansu da sanyinsa yake kwana yake tashi.

Minti na farko shi ne mafi muni. Da zarar ruwan ya taɓa fata, mutum yakan ja wani dogon numfashi ba da niyyarsa ba, sai haki ya biyo baya, zuciya ta shiga bugu da sauri, jini ya hau. Idan wannan jan numfashi ya zo daidai lokacin da kai yake ƙarƙashin ruwa, kamar yadda yake faruwa ga wanda ya yi tsalle ya faɗa, ruwa ne zai shiga huhu. Farfesa Mike Tipton na Jami'ar Portsmouth, wanda ya daɗe yana bincike a kan wannan, ya nuna cewa da yawa daga cikin waɗanda suke mutuwa a ruwan sanyi a mintocin farko suke mutuwa, tun jikinsu bai kai ga yin sanyi ta ciki ba. Firgitar takan lafa cikin minti ɗaya zuwa uku, kuma abin da RNLI ke koyarwa shi ne mutum ya kwanta rigingine, kunnuwa cikin ruwa, ya buɗe hannuwa da ƙafafu, ya jira numfashinsa ya daidaita kafin ya yi yunƙurin iyo.

Bayan numfashi ya dawo, mutum yakan ji daɗi har ya ɗauka wahalar ta wuce, kuma a nan ne ya kamata hankalinsa ya koma kan hannuwansa. Jiki yana fifita zuciya da ƙwaƙwalwa, don haka sai ya tsuke jijiyoyin jinin da ke zuwa yatsu domin ya riƙe ɗumi a ciki. Duk wanda ya yi alwalar asuba da ruwan randa a tsakiyar hunturun Zariya ya san farkon abin, wato zugin nan da ke shiga har ƙashi, sai dai alwala takan ƙare cikin ɗan lokaci, shi kuwa mai iyo hannunsa yana nan cikin ruwan. Zugi yakan juye ya zama mutuwar fata, sannan ƙarfi ya fara tafiya. Dalili kuwa shi ne yawancin tsokokin da ke motsa yatsu ba a tafin hannu suke ba, suna tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu ne, wurin da ba shi da kitse sosai, kuma shi ne ke ta kaiwa da komowa cikin ruwa. Idan tsokokin nan da jijiyoyin da ke kai musu saƙo suka yi sanyi, yatsu sukan buɗe su ƙi haɗuwa, ko su lanƙwashe su ƙandare, hannu ya daina tura ruwa, ƙafafu su riƙa yin ƙasa, mutum ya koma tsaye a cikin ruwa yana ta fafutika ba ya ci gaba. A ruwa mai tsananin sanyi wannan na iya faruwa cikin kusan minti goma, alhali saukar ɗumin ciki daga digiri 37 zuwa ƙasa da 35 yakan ɗauki rabin awa ko fiye ga baligi.

A ganina wannan shi ne abin da sabon zuwa ya fi buƙatar riƙewa, domin da hannun nan ne zai kama tsani ko igiyar da aka jefa masa, kuma da shi zai sa tufafi. A bakin tafki ana ganin ƙato yana tsaye da tawul a wuya, ya kasa jan zif ɗin rigarsa sai ya sa haƙori, ga mabuɗin mota yana zamewa daga yatsunsa. Masu iyo na can suna da gwaji mai sauƙi: lokaci zuwa lokaci su taɓa ƙaramin yatsa da babban yatsa, su kuma gwada haɗe yatsu wuri ɗaya. Idan abin ya fara wuya, lokacin fita ya yi, ko da sauran jiki yana jin daɗi. Littattafansu sukan ce fata za ta yi fari ko shuɗi, amma a irin tamu fatar sai an duba tafin hannu da farce da leɓe, inda launin ke komawa toka-toka.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Bincike a rundunar sojan Birtaniya ya nuna cewa sojoji 'yan asalin Afirka sun fi takwarorinsu fararen fata kamuwa da lahanin da sanyi da danshi ke yi wa jijiyoyin hannu da ƙafa, lahanin da kan bar mutum da raɗaɗi da rashin jure sanyi na watanni ko shekaru. Don haka bai dace Bazazzagi ya auna kansa da abokinsa Bature ba. Mai sikila kuwa kada ma ya gwada, domin hukumar lafiya ta NHS ta ambaci iyo a ruwan sanyi cikin abubuwan da ke tayar da ciwon. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ko asma ko farfaɗiya, da mai juna biyu, su fara ganin likita.

Fitowa daga ruwa ba ita ce ƙarshen lamarin ba, saboda ɗumin ciki yakan ci gaba da sauka na kusan rabin awa, kuma makyarkyata mafi tsanani takan zo ne bayan wasu mintoci, lokacin da mutum ke zaton ya gama. Wajibi ne a jera kaya tun kafin a shiga, a zaɓi tufafi masu faɗi marasa maɓalli, a cire jiƙaƙƙun nan take, a fara rufe ƙirji da kai, sannan a sha shayi mai zafi daga fulas. Kada a garzaya wanka da ruwan zafi, domin yana iya sa jini ya faɗi mutum ya yanke jiki, kuma kada a tara mataccen hannu a famfon zafi, wanda a tsofaffin gidajen Ingila daban yake da na sanyi, domin fatar za ta ƙone ba a ji ba. Tuƙi ma sai karkarwa ta tsaya.

Wanda duk da haka yake son gwadawa, ya fara a ƙarshen bazararsu lokacin da ruwa ya fi ɗumi, a wurin da ke da ma'aikatan ceto, tsakanin tutoci masu launin ja da rawaya da ke nuna wurin da ma'aikatan ke sa wa ido, ya taka a hankali ba tsalle ba, ya tsaya kusa da gaɓa. Rigar roba ta masu iyo, haɗe da safar hannu da ta ƙafa, tana rage sanyi kuma tana suturta jiki, saɓanin doguwar riga da ke jiƙewa ta yi nauyi. Shiga na 'yan mintoci sau biyar ko shida yana rage firgitar farko da kusan rabi, amma wannan sabo ba ya hana hannu mutuwa. Idan kuma aka ga wani yana nutsewa, kada a bi shi ciki: a kira 999 a Birtaniya, ko 112 a sauran ƙasashen Turai, a nemi masu tsaron gaɓa idan a teku ne ko 'yan kwana-kwana idan a kogi ko tafki ne, a ce masa ya kwanta rigingine, a jefa masa abin da ke yawo a saman ruwa wanda zai iya rungumewa da damtse ko da yatsunsa sun daina kamawa.