Darasi na 7: Kafin ka murɗa makulli, da kuma yadda ake shiga ribas

Toh jama'a, yau darasinmu kan tsofaffin motoci ne masu giyar hannu, irin su Fijo 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, da Volkswagen Beetle da aka riƙa haɗawa a Legas a da. Motocin nan ba su da wani abu da zai kare ka wajen tayarwa, in ka bar ta a giya ka murɗa makulli, kik, wato na'urar da ke tayar da inji, zai juya inji, inji ya juya taya, motar ta yi tsalle gaba kawai. Da idona na ga haka a ƙofar gidan maƙwabcinmu, yaro ya shiga wai zai ɗuma inji da safe, ashe a lamba ɗaya aka kwana da ita, ta zabura ta daki randar ruwa, ƙanwarsa na tsugune a gefe tana wanke-wanke, Allah ne kawai ya kiyaye.

Saboda irin wannan ne daga baya kamfanoni suka sa wani ɗan makunni a saman fedar kuloci, can ƙarƙashin sitiyari, musamman a motocin da aka yi don kasuwar Amurka. Aikinsa ɗaya ne, ba zai bar wuta ta je wajen kik ba sai ka take kuloci har ƙasa. Shi ya sa wani lokaci za ka murɗa makulli, fitilun dashbod su kama amma kik shiru, ka ce batir ne, alhali kafet ne ya naɗe a ƙarƙashin feda ya hana ta kaiwa ƙasa. Fara duba nan tukuna. In kuma makunnin ne ya mutu, don Allah a sayi wani a sa, kar ka yarda mai wayarin ya ce bari ya haɗe wayoyin biyu a wuce wurin. Mota za ta tashi kam, amma ka cire kariyar ke nan, kuma ba kai kaɗai ke shiga motar ba.

Da makunni ko babu, ka saba da wannan: ja hambirki, girgiza sandar giya hagu da dama ka tabbatar tana firi, wato ba ta cikin kowace giya, take kuloci, sannan ka murɗa.

Sai ribas. An sa masa kulle ne don kar hannu ya kuskure ya faɗa can mota na tafiya gaba, haƙoran giyabos su kakkarye. A Beetle sai ka danna sandar ƙasa, ka kai ta hagu, ka jawo baya. A Opel da yawa akwai zobe ƙarƙashin kan sandar, ka ɗaga shi da yatsu biyu. A Toyota da Honda masu giya 5 kuwa ribas na ƙasan lamba biyar, kuma ba ta yarda ka zarce daga biyar kai tsaye, sai ka dawo tsakiya. In ta ƙi shiga kar ka sa ƙarfi malam. Tsaya cak, take kuloci, ƙirga ɗaya zuwa uku, in har yanzu tana ƙarar gurrr saka lamba ɗaya tukuna sannan ka koma ribas.

Aikin gida: ka samu mota a kashe, hambirki a ja, ka gwada shiga ribas sau 5, ka rubuto mana a littafinka wane irin kulle gare ta.