Yadda Ake Zaɓen Madubin Saiti Na Bindigar .22

Masu lasisin bindiga sun sha yi mini wannan tambaya, to ga yadda nake bi.

1. Yanke nisan da za ka riƙa harbi. Da harsashin .22 LR (ƙaramin harsashin irin wannan bindiga), yawanci yadi 25 zuwa 75 ne.

2. Zaɓi ƙarfin jawo hoto. 2-7x32 (mai jawo hoto ninki 2 zuwa 7, da gilashin gaba mai faɗin milimita 32) ya ishi mai farautar zomo. Mai harbin allon gwaji ya ɗauki 3-9x40.

3. Karanta jikin kwalin, ka tabbata an daidaita madubin a yadi 50 (parallax, wato nisan da gicciyen saiti ba ya kaucewa ko da ido ya goce).

Hattara: a nan aka fi tafka kuskure. Madubin manyan bindigogi galibi a yadi 100 aka daidaita shi. In ka ɗora shi a .22, da zarar kanka ya ɗan goce, gicciyen cikin madubin zai kauce daga abin harbin, harsashi ya faɗi gefe, ka zargi bindigar da ba ta yi laifi ba.

4. Cire harsashi, ka leƙa ka tabbata cikin bindigar wayam.

5. Auna mazaunin madubi da ke doronta: milimita 11, inci 3/8, ko Picatinny (layin ƙarfe mai tsage-tsage).

6. Sayi zobban da suka dace da kaurin madubin, inci 1 ko milimita 30.

7. Ɗaura madubin, ka ɗora bindigar a kafaɗa ka leƙa. In baƙar inuwa ta zagaye hoton, matsa madubin gaba ko baya.