Ga sabbin ma'aikatan jinya masu neman aiki

'Yan uwa, ku daina rubuta "ba ni da ƙwarewa" a CV ɗinku. Ai kun yi zaman asibiti lokacin karatu. Ku ambaci sassan da kuka zauna, kamar ɗakin haihuwa, ɗakin yara ko sashen gaggawa, sannan ku faɗi abin da hannunku ya yi: allura, sa ruwa, wanke ciwo, auna hawan jini. Lambar lasisinku na hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta Najeriya (NMCN) ta zo a sama, don ita ake fara dubawa.

Wasiƙar neman aikin kuwa, shafi ɗaya ya isa. Kowane asibiti da tasa, da sunansa a ciki. Kuma don Allah, ku nemi izinin malaminku kafin ku sa shi mai shaida.