Sababbin zuwa Ingila: kafin ku biya kuɗi a tsara muku abin da za ku ci

Duk Satumba da Janairu, lokacin da sababbin ɗalibai da iyalai ke sauka Ingila, sai an maimaita abu ɗaya. Mutum ko sati biyu bai yi ba, ɗan ajinsu ya turo masa lambar rangwame, wai kwalin abinci na farko a rabin kuɗi. Ko tambayar waɗanda suka riga shi zuwa bai yi ba, ya sa lambar katinsa. Bayan wata biyu yana neman rancen kuɗin bas.

Harkar iri biyu ce. Akwai manhajar waya da ake biya duk wata ko duk shekara, ta tsara maka girkin mako, ta fitar maka da jerin abin da za ka sayo, amma cefanen kai za ka yi da kuɗinka. Akwai kuma kamfanoni irin su HelloFresh da Gousto, masu kawo kwali har ƙofa, da kayan girki a aune da takardar yadda ake dafawa. Duk da sunan rage kashe kuɗi suke talla, kuma wanda ya saba odar abinci kullum dare, ko ya cika firji ya bar kaya su ruɓe, lallai zai ga sauƙi. Da irinsa suke auna kansu. Gidan da ake ɗora tukunyar miya guda a ci sau biyar, ƙarin kuɗi kawai zai gani.

Ga lissafi. Kwalin girki uku na mutum biyu faranti shida ne. Miji da mata masu cin abinci sau uku a rana suna buƙatar faranti 42 a mako. Sauran 36 ɗin dole a je kanti, ga kuɗin kawowa, ga mai da gishiri da ba sa zuwa a kwalin. Naman kuma, in ba an rubuta halal ƙarara ba, ɗauka ba halal ba ne, sai dai ka tsaya kan kifi da ganye. Manhajar jadawali ta fi araha, amma ba ta san kuka ba, ba ta san daddawa ba. Za ta sa ka sayi ƙullin ganyen ƙamshi ka tsinki reshe biyu, sauran ya yi baƙi a firji, sannan sai ka riƙa tsallake girkin da ke da alade ko giya.

Inda aka fi shan wuya shi ne fita. Ranar da ka karɓi rangwamen nan, rajista ka yi ta saye duk mako har sai ka ce a daina. Ko ka zaɓi girki ko ba ka zaɓa ba, za a zaɓa maka, a cire kuɗi, a turo. Rangwamen yana raguwa kwali bayan kwali har a koma cikakken farashi, kuma ba wanda zai buga maka waya ya tuna maka. Kowane kamfani yana da wa'adin rufe canji, kwanaki kaɗan kafin ranar kawowa. Wa'adin ya wuce da minti ɗaya, kwalin ya zama naka. Wasu kan dogara da dokar kwana 14 ta mayar da abin da aka saya ta intanet, to wannan dokar ta ware kayan da ke saurin lalacewa, ɗanyen abinci kuwa yana ciki. Kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski.

Sai ku lura da bambanci uku. Tsallake mako ɗaya ba sokewa ba ne, mako mai zuwa za a ci gaba. Dakatarwa na ɗan lokaci ma kan iya farfaɗowa da kanta. Goge manhaja daga waya kuwa ba ya tsayar da komai, kuma nan ne mutanenmu suka fi faɗawa. In ta Apple ko Google Play ka yi rajista, can cikin saitin asusunka, wajen jerin abubuwan da kake biya, za ka soke. In a shafin kamfanin ne, shiga ta burauza, bi matakan har ƙarshe, domin za su yi ta tare ka da sabon tayi, kada ka tsaya sai ka ga saƙon tabbatarwa a imel. Ɗauki hotonsa ka ajiye. Gwajin kyauta na sati ɗaya ma haka, sau da yawa kuɗin shekara guda ake zarewa a lokaci ɗaya ranar da ya ƙare, don haka sa ƙararrawa a waya kwana biyu kafin nan. In ka soke aka ci gaba da cira, kana da haƙƙin umartar bankinka ya tsayar da cirar da ake yi a katin, dole ya bi. Sai dai wannan ba ya yafe kuɗin kwalin da aka riga aka kawo. A cire alamar amincewa da saƙon talla tun wajen rajista. A Janairun 2024 hukumar kare bayanai ta ƙasar ta ci tarar HelloFresh fam 140,000 kan miliyoyin saƙonnin talla.

Tsarin da ake sayar muku, iyayenmu mata da ka suke yin sa tun fil azal. Takarda ɗaya a jikin firji ta isa: miya biyu a mako, taushe ko kuɓewa ko ta ja, sai a juya su da tuwo, shinkafa, taliya da wake. Duba abin da ke gida kafin ka rubuta abin da za ka sayo.

Madara, ƙwai, burodi, tumatirin gwangwani da alayyahu mai ƙanƙara, a saye su a manyan kantunan Aldi ko Lidl. A kantunan Tesco da Sainsbury's a yi katin rangwamensu, Clubcard da Nectar, kyauta ne, ba tare da su ba wasu kayan sun fi tsada. Kada ka kalli babban farashi, kalli ƙaramin rubutun da ke nuna kuɗin kilo ɗaya.

Buhun shinkafa mai kilo 10, jarkar mai, buhun albasa da nama kuwa, sai shagunan 'yan Asiya da na Afirka: Rye Lane a Peckham ko kasuwar Ridley Road a Landan, Cheetham Hill da Longsight a Manchester, Alum Rock da Small Heath a Birmingham. Garin gero a can sunansa bajra, garin dawa jowar, tsamiya imli, attarugu scotch bonnet. Shinkafar da aka rubuta wa pudding rice tana tuƙuwa sumul. Wajen mahauci a nemi hard chicken, ita ce mai ƙarfi da ba ta narkewa a miya. Gida uku su haɗa kuɗi su sayi rago guda a raba, kamar yadda ake watanda a gida. Kilishi, dambun nama da man shanu kada a sa wani ya taho da su daga Najeriya ko Nijar, an hana shigo da nama da kayan nono, ƙwace su ake yi a filin jirgi.

Sayen sari ba ya da amfani in ba wurin ajiya, kuma a gidan haya na tarayya aljihu ɗaya na firiza za a ba ka. Auna shi kafin ka je wajen mahauci. Kasa nama a leda daidai girki ɗaya, ka shimfiɗa shi ya yi faɗi. Miya a firji kwana biyu, abin da ya wuce haka firiza. Dafaffiyar shinkafa a sa ta a firji cikin awa ɗaya, a cinye cikin kwana ɗaya. Kwanan watan da aka rubuta wa use by a jikin kaya, wato ranar ƙarshe ta ci, ba a ƙetare shi, amma kayan da aka manna wa takardar rangwame da yamma saboda ranarsu ta zo, ana iya sa su a firiza a daren. Shi kuwa best before maganar ɗanɗano ce kawai, taliya ko gwangwanin da ya ɗan wuce shi ba a zubarwa.