Kurakuran masu neman tsofaffin kuɗi da na'urar gano ƙarfe

Yawancin masu sayen wannan na'ura a ƙauyukanmu tukunyar zinariya ce a ransu, shi ya sa suke gajiya da wuri. Abin da ƙasar Kano da Jigawa ta fi riƙewa shi ne anini, ɗari, kwabo mai huda, taro, sisi da sule, kuɗin da aka fara kawowa daga 1907 ana kashewa har naira ta zo a 1973. Kafin nan wuri ake kashewa, shi kuwa wuri ba ƙarfe ba ne, ko buhu guda aka binne na'ura ba za ta ce uffan ba.

Babban kuskure yana wajen saiti. Mutum ya gaji da tono ƙusa da murfin kwalba, sai ya murɗa maɓallin tace tarkace har ƙarshe. To, anini da kwabo na haɗin tagulla da nikel kukansu yana kusa da na tarkacen gwangwani, ka tace wannan ka tace su. Maganin mai sauƙi ne. Nemi tsohon kwabo wajen wata tsohuwa, binne shi zurfin taƙi guda, ka yi ta wucewa a kai har kunnenka ya san muryarsa, ka tsayar da saitin a inda ƙusa ta yi shiru amma kwabon yana amsawa. Jar ƙasa mai marmara kuma tana sa na'ura surutun banza saboda sinadarin ƙarfen da ke cikinta. A irin wannan wuri sai an daidaita na'urar da ƙasa kafin a fara, a rage mata ƙarfin ji, a kuma sake daidaitawa in an gangara fadama. Faifan da ke ƙasan na'urar, wanda shi ke jin ƙarfe, ya riƙa tafiya dab da ƙasa, a kwance, a hankali, ba a yi ta wurga shi kamar mai sheƙar gero ba.

Sai wuri da lokaci. Tsakiyar gonar da ba a taɓa zama ba, ba abin da za ta ba ka. Kuɗi inda aka yi ciniki yake faɗuwa: kufai, tsohuwar kasuwa, zangon fatake, wuraren awon gyaɗa na garuruwan layin dogon Nguru irin su Ringim da Malam Madori. A tsakiyar rani ƙasa ta ƙeƙashe, bayan ruwan farko kafin shuka ta fi sauƙin tono, na'urar ma ta fi jin nisa.

Kada ka shiga gonar mutum ba da saninsa ba. Gai da mai unguwa ko dagaci tukuna, ku yi maganar rabo tun ba a samu komai ba, ka kuma cike raminka saboda dabbobi. Maƙabarta, badala da wajen zanen duwatsun Birnin Kudu ba wurin tono ba ne. Dokar 1979 ta hana haƙar kayan tarihi ba da izinin hukumar gidajen tarihi ba.

In ka samu, kada ka dirje shi da toka, yashi ko tsamiya don ya yi ƙyalli, masu tara tsofaffin kuɗi sun fi son sa da tsufansa. Ruwa da burushi mai laushi sun isa. Kuma in ka ci karo da kuɗin azurfa mai hoton Mariya Tareza, sarauniyar Ostiriya, da shekarar 1780, kada ka yi saurin yanka rago, duk waɗanda aka ci gaba da bugawa daga baya wannan shekarar suke ɗauke da ita. Kai ta wajen maƙerin farfaru ya gwada, ya auna: ta gaske nauyinta kusan giram 28 ne.